Tallafin takin zamani: me ya sa ba ya isa gona, kuma me ya hana taki arha?

Wani manomi daga yankin Funtuwa ya aiko mini da tambaya, ga ta a taƙaice: "Duk shekara muna ji a rediyo gwamnati ta ƙaddamar da sayar da taki da rangwame, amma ni na manta rabon da in ga buhun gwamnati a gonata. A kasuwa kuma kullum taki ƙara tsada yake. Shin wannan tallafi yana da amfani kuwa, ko gara a daina? Kuma tunda muna da manyan kamfanonin taki a ƙasar nan, me ya hana shi yin arha?"

Malam, Allah ya saka da alheri. Na yi shekaru ina malamin gona kafin in koma nazarin kasuwar kayan noma, kuma wannan tambaya taka ita ce ta fi kowace ci mini rai. Amsata ita ce: tallafin taki yana da amfani idan ya zo kan lokaci, kuma ya biyo ta hannun ɗan kasuwar da ke zaune a garinku shekara da shekaru. Idan gwamnati ce za ta sayo da kanta, ta ɗauko da kanta, ta raba da kanta, to sau da yawa ɓarnarsa ta fi gyaransa yawa, har ga manomin da bai taɓa karɓar ko buhu ɗaya ba.

Bari in fara da abin da na gani da idona. Wata shekara, a wata ƙaramar hukuma da na yi aiki, an ƙaddamar da rabon taki a watan Mayu, da kiɗa da jawabai. Tireloli ba su iso sito ba sai tsakiyar Agusta. A lokacin masara ta riga ta yi goyo, wadda ba ta samu taki ba ta yi ɗorawa, gajera, ganyenta na ƙasa ya ƙone. Aka raba takardu mazaɓa mazaɓa, aka ce mutum huɗu su haɗu a buhu ɗaya. Na tsaya a bakin sito ina kallon wani dattijo ya shimfiɗa zanen matarsa a ƙasa, ana auna masa yuriya da kwano. Ya ɗaure, ya ɗora bayan keke, ya ce mini, "Malam, wannan sai dai in ajiye wa albasa da rani." A daidai wannan lokaci, buhunan nan masu tambarin gwamnati, wanda aka rubuta ba na sayarwa ba ne a jikinsu, suna jibge a rumfunan kasuwar garin ana sayar da su a farashin kasuwa. Dattijon nan ya yi asara biyu. Bai sayi taki a watan Yuni ba domin yana jiran mai rangwame, kuma da mai rangwamen ya zo bai amfani masararsa da komai ba.

Masara ba ta san jiran takardar ofis ba. Tana bukatar kamfa, wato takin da ya haɗa sinadaran naitirojin da fosfet da fotash, daga shuka zuwa mako biyu, yuriya kuma wajen mako biyar zuwa shida. In wannan ƙofa ta rufe, ko kyauta aka ba ka buhu goma ba za su dawo da abin da ya wuce ba. Shi ya sa nake cewa buhu ɗaya mai tsada a watan Yuni ya fi buhu uku masu arha a Agusta.

Wannan matsala tsohuwa ce. Tun 1976, zamanin shirin ciyar da ƙasa na mulkin Obasanjo na soja, gwamnatin tarayya ta tattara sayo taki da raba shi a hannunta, kuma akwai shekarun da rangwamen ya haura kashi 70 cikin ɗari. Duk inda kaya yake da farashi biyu, ɗaya ƙasa a ofis, ɗaya sama a kasuwa, ribar tana wurin wanda ya samu takardar ofis, ba sai ya taɓa riƙe fartanya ba. Haka takardar taki ta zama abin da ake sallamar magoya baya da shi, aka kuma riƙa tsallaka iyaka da buhuna. A 1997 gwamnati ta cire hannu gaba ɗaya farat ɗaya, amfani da taki ya faɗi ƙasa warwas, domin babu 'yan kasuwar da suka kafu da za su cike gurbin. A 1999 aka dawo da rangwamen kashi 25, jihohi suna ƙara nasu a kai. Da Akinwumi Adesina ya zama ministan noma a 2011, shi da bakinsa ya ce kashi 11 cikin ɗari kacal na manoma ne takin rangwame yake isa gare su. Ka ga ke nan ba kai kaɗai ba ne.

Akwai wata ɓarna da ba a cika maganarta ba, kuma a ganina ita ce babba. Ka ɗauki mai shagon kayan gona a garinku. Domin ya samu taki a watan Mayu, dole ya zuba kuɗinsa tun Maris ko Afrilu, sau da yawa da bashi, ya biya mota, ya biya sito, ya biya 'yan dako. Ribarsa a buhu ɗaya ƙanƙanuwa ce, a yawan ciniki yake samu. Sai ya ji a rediyo gwamna zai kawo tirela ɗari biyu a rabin kuɗi. Yanzu me zai yi? In ya cika shagonsa kuma takin gwamnati ya iso, kayansa sun kwanta, jarinsa ya maƙale har baɗi, yuriya kuwa in ta sha danshi dunƙulewa take yi kamar dutse. Saboda haka sai ya sayo kaɗan, ko ya juya kuɗinsa zuwa siminti ko hatsi. Sai damina ta faɗi, takin gwamnati bai zo ba, na ɗan kasuwa bai wadata ba, farashi ya yi tsalle. Sanarwar rangwamen ita kanta ta rage takin da ke gari. Na san diloli masu gaskiya da suka bar sana'ar saboda wannan, kuma duk garin da dilansa ya rufe shago, manomansa sai sun hau mota zuwa birni kafin su sayi buhu biyu, kuɗin mota ya cinye abin da ake cewa an rage musu.

Sannan wani kaso na takin rangwame, ko da ya isa gona, yana faɗawa hannun manyan manoma waɗanda dama za su saya da kuɗinsu. Gwamnati ta kashe kuɗi, amma takin da aka zuba a ƙasa bai ƙaru da yawan abin da aka raba ba.

An yi ƙoƙarin gyara wannan a 2012 da shirin GES, wanda manoma suka fi sani da takin waya. Gwamnati ta daina sayo taki. Ana yi wa manomi rajista, a turo masa saƙo a wayarsa, ya je wurin dila ya biya rabin kuɗin buhu biyu, kamfa ɗaya yuriya ɗaya, gwamnatin tarayya da ta jiha su raba sauran rabin a tsakaninsu. An yi wa manoma sama da miliyan goma rajista. Tunanin shirin daidai ne, domin ya mai da dila abokin tafiya. Na ga ƙauyukan da a karon farko mace mai ɗan fegi ta karɓi buhu da sunanta. Amma an samu cikas: ƙauyuka da yawa babu sabis, wasu manoman ba su da waya, wuraren karɓa sun yi nisa, wasu sunayen na bogi ne. Abin da ya karya bayan shirin shi ne bashi. Diloli da kamfanoni sun ba da kaya, gwamnati ta riƙe musu biliyoyin naira shekara da shekaru, bankunan da suka ba su rance suna binsu da ruwa. Ɗan kasuwar da ya sha wannan sau ɗaya, ko da wace irin magana ka zo masa ba zai sake ba gwamnati kaya bashi ba.

Gwamnatin Buhari ta bi wata hanya daban. A watan Disamba na 2016, lokacin ziyarar Sarki Muhammadu na shida na Maroko, aka ƙulla yarjejeniya da kamfanin OCP na ƙasarsa, wanda yake cikin mafi girman masu fitar da fosfet a duniya. Aka kafa kwamiti ƙarƙashin gwamnan Jigawa na lokacin, Badaru Abubakar, hukumar NSIA mai juya asusun jarin gwamnati tana kula da kuɗin. Ana shigo da fosfet daga Maroko, fotash daga Turai, a haɗa da yuriya da farar ƙasa na gida, a gauraya a masana'antun cikin ƙasa a fitar da kamfa 20:10:10 a kan naira 5,500. Wannan shiri ya tayar da masana'antun gauraya taki da yawa da suka daɗe a rufe, aka kuma gina sababbi, da yawansu a arewa. Wannan ci gaba ne na gaske, ban raina shi ba. Sai dai tsayayyen farashi yana riƙuwa ne muddin dala da kasuwar duniya suna zaune lafiya. Da suka motsa, 5,500 ta zama tarihi.

Wannan ya kawo mu rabin tambayarka na biyu. Gaskiya ne muna da kamfanoni. Masana'antar Dangote da ke Lekki a Legas, wadda aka buɗe a watan Maris na 2022, an gina ta ne don fitar da tan miliyan 3 na yuriya a shekara. Ga Indorama a Eleme, ga Notore a Onne, wadda da ita ce NAFCON, kamfanin takin gwamnati, duk a jihar Ribas. Yuriyar da ake yi a ƙasar nan ta fi wadda manomanmu suke saye, shi ya sa ake loda ta a jiragen ruwa zuwa Barazil da Amurka da Indiya. To kamfanin da zai iya sayar da tan ɗaya a waje da dala, ba zai sayar maka a gida ƙasa da kwatankwacin wannan kuɗi ba. Farashin buhun yuriya a Funtuwa yana bin farashin duniya, farashin duniya kuma yana bin iskar gas, domin daga ita ake yin yuriya. Kamfa kuwa sinadarai uku ne, naitirojin da fosfet da fotash, kuma biyun ƙarshe daga waje suke zuwa. Fotash ƙasashe kaɗan ne suke riƙe da kasuwarsa, Kanada da Rasha da Belarus a gaba. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, sai da Najeriya ta yi gaggawar sayo fotash daga Kanada saboda wanda take jira daga Rasha bai iso ba. A 2023 kuma aka saki naira, darajarta ta zube, duk abin da ake saye da dala ya ninka.

A kan wannan sai ka ɗora hanya. Daga Legas ko Onne zuwa Funtuwa tafiyar kusan kilomita dubu ce ko fiye, a tirela mai shan dizal, ga shingaye, ga kuɗin lodi da saukewa, ga ruwan bashin banki mai tsada da dila yake biya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana cikin kuɗin buhun da ka saya. Da za a riƙa ɗauko taki ta jirgin ƙasa, a ba diloli rance mai sauƙi a watan Fabrairu, da farashi ya sauka ga kowa da kowa, ba sai wanda sunansa ya fito a takarda ba.

Ba mu kaɗai muke wannan fama ba. A 2006 shugabannin Afirka sun taru a Abuja sun yi alkawarin ɗaga amfani da taki daga kilo 8 a hekta zuwa kilo 50 kafin 2015, ba a kai ba. Malawi ce aka fi ba da misali da ita. Bayan yunwar 2005, shugaba Bingu wa Mutharika ya ƙi jin shawarar masu ba ƙasarsa rance, ya raba wa ƙananan manoma takardun sayen buhu biyu da iri a farashi kaɗan. Masara ta ƙaru, duniya ta yaba. Amma da taki ya yi tsada a 2008, shirin ya lashe wajen kashi 16 cikin ɗari na kasafin ƙasar gaba ɗaya, ya bar bincike da malaman gona da hanyoyin karkara ba kuɗi, kuma har yau duk shekarar da ruwa ya yi gardama Malawi tana neman agajin abinci. A Gana, shirin da aka fara a 2017 na rabin kuɗi ya sha fama da masu fasa-ƙwaurin buhuna zuwa Burkina Faso. Indiya kuwa ta daɗe tana danne farashin yuriya, har masana'antu suka riƙa karkatar da ita, sai a 2015 ta wajabta a shafe duk yuriyar da man dogon yaro don kada ta yi amfani a wani wuri sai gona. Nijar ma a 2018 ta fara sauya tsarinta, ta rage hannun CAIMA, hukumar gwamnati mai samar da kayan noma, a shigo da taki ta buɗe wa 'yan kasuwa hanya.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya ka yi lissafi da ni, domin nan ne maganar take shafar aljihunka kai tsaye. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin. A gonar da take da rai, aka shuka iri mai kyau, aka yi noma kan lokaci, aka binne takin, kilo ɗaya na naitirojin zai iya ƙara kilo 20 na masara. Ka ga buhu ɗaya ya ba ka kilo 460, sama da buhun masara huɗu da rabi. Amma binciken da masaniyar tattalin arzikin noma Saweda Liverpool-Tasie da abokan aikinta suka yi a kan gonakin manoman Najeriya ya gano abin da ake samu a zahiri wajen kilo 8 ne. Wato buhun yuriya ya ƙara kilo 184, bai cika buhu biyu ba. Taki iri ɗaya, kuɗi iri ɗaya, amma wani ya samu fiye da ninki biyu na ɗan'uwansa. Rangwamen rabin kuɗi ma bai kai wannan bambanci ba.

Me yake cinye takin? Ƙasarmu ta gaji. An kwashe kara da harawa an kai gida, babu abin da yake komawa ya ruɓe, ƙasa ta zama rairayi ba ta riƙe ruwa ba ta riƙe taki. Wuta-wuta ta kama gindin masara da dawa tana tsotsa. Ana shuka tsaba daga rumbu shekara da shekaru. Ana watsa yuriya a saman ƙasa da rana tsaka, wani kaso ya tashi iska, wani ruwa ya tafi da shi. Sannan ga algus. Na taɓa buɗe buhun kamfa da wani manomi ya saya, na zuba kofi ɗaya a ruwa na motsa, abin da ya kwanta a ƙasan kwanon yashi ne da tsakuwa masu launi. Akwai dokar ingancin taki da aka sa wa hannu a 2019, wadda ta tanadi rajistar masu sayarwa da hukunci ga masu algus, amma doka sai da masu zagayawa kasuwa da ma'auni da wurin gwaji kafin ta yi aiki.

Ɗaya ɓangaren lissafin shi ne farashin hatsi. Manomi ba ya duba kuɗin taki shi kaɗai, yana duba buhun masara nawa zai sayar ya sayi buhun taki ɗaya. Masana suna cewa sai abin da taki ya ƙara ya ninka kuɗin takin sau biyu kafin manomi ya yarda ya saka, domin akwai fari, akwai ambaliya, akwai tsutsa. A 2024 gwamnati ta janye harajin shigo da wasu kayan abinci na wani lokaci, a 2025 kuma farashin masara ya faɗo ƙasa sosai alhali taki yana sama, har a kasuwanni da yawa buhun masara ɗaya bai sayen buhun taki ɗaya. Manoma da yawa suka rage masara suka koma dawa da gero da waken suya. Ban ga laifinsu ba, lissafi suka yi. Gwamnatin da ta ba ka rangwame da damina, ta bar hatsinka ya karye da kaka, ta ba ka da hannun dama ta karɓe da na hagu.

To a daina tallafin? Ni ban ce haka ba. Akwai manomin da ko buhu ɗaya ba zai iya saye ba, kuma yunwar gidansa ta fi kowane lissafin kasafi muhimmanci. Abin da nake so shi ne a taƙaita shi ga irin wannan manomi, a ba shi ta waya ko kati ya je shagon da ya ga dama ya zaɓi takin da gonarsa take bukata, a sanar da tsarin tun watan Janairu don dila ya shirya, a kuma ajiye kuɗin biyan diloli a banki kafin a fara, yadda za a biya su cikin makonni. Abin da ya rage na kuɗin a sa shi a malaman gona, da gwajin ƙasa, da cibiyoyin binciken noma irin IAR da ke Samaru, da hanyoyin ƙauye. Malamin gona ɗaya da yake da babur da mai zai iya ƙara wa ɗaruruwan manoma amfanin kowane buhu da suka saya da kuɗinsu.

Kai kuma, Malam, kada ka sake jiran na gwamnati. In ya zo, alhamdulillahi, ka ajiye wa noman rani. Ka sayi takinka da wuri, tun da rani kafin kowa ya ruga kasuwa, kuma in kuna da ƙungiya ku haɗa kuɗi ku yi odar mota guda daga masana'antar gauraya taki ko babban dila mai rajista, ku karɓi rasit. In takin da ka iya saye bai isa gonar duka ba, ka rage filin masara ka ciyar da shi sosai, sauran ka sa waken suya ko gyaɗa ko wake, su suna ƙara wa ƙasa ƙarfi, baɗi sai ka juya. Ka fitar da takin gida da rani, domin na zamani ya fi aiki a ƙasar da ta sha kashin dabbobi. Manoman gero a Nijar sun daɗe suna bin wata dabara da cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore ta yaɗa: ɗan taki kaɗan, abin da yatsu uku za su ɗauka ko cikin murfin kwalba, a kowane rami lokacin shuka ko jim kaɗan bayan tsiro, maimakon watsawa a gona duka. Ga masara kuma ka tona ɗan rami kamar faɗin yatsu huɗu daga gindi, ka zuba, ka rufe da ƙasa, lokacin da ƙasa take da danshi kuma ka riga ka cire ciyawa.